Kafin Ka Buɗe Naka Shafin

Tambuwal.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba.

Za ka yi mamakin tsintar takarda a jakarka alhali gida ɗaya muka kwana. Ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya ta zama biyu. Ni da nake zama gaban waya in yi ta zuba, matan Kebbe da na Dogon Daji suna ji, ban iya zama gabanka in yi doguwar magana ba tare da na ƙirƙiro aike na tura ka ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mahaifinka ya gaya mini cewa in ka isa wurin bautar ƙasa kana so ka buɗe naka shafin, ka riƙa rubuta abin da ka gani a ƙasar mutane, ka kuma fara naka shirin murya, wanda kuke ce wa fodkas. Yana faɗa yana kallon fuskata ya ga ko zan hana. Ban hana ba, daɗi ma na ji. Sai dai shekarun da na yi cikin wannan harka sun bar mini tabo nan da can, kuma gara in nuna maka inda na yi tuntuɓe da ka je ka gano duwatsun da ƙafarka. Yawancinsu kana nan aka yi su, amma da idon yaro ka gan su. Yanzu ka ji su daga bakin mai su.

Ka tuna yadda abin ya faro. Ɗalibaina na makarantar 'yan mata, waɗanda suka gama suka watsu cikin ƙauyuka, su ne suke yawan kirana. Wannan akuyarta ta ƙi cin dusa, waccan kazarta ta daina ƙwai, wata kuma daddawarta ta ƙi nuna. Da na gaji da maimaita amsa ɗaya, sai na fara ɗaukar muryata ina tura musu gaba ɗaya. Kai ne, kana ajin ƙarshe a sakandare, ka ce me zai hana a sa shi inda kowa zai ji, a kuma buɗe shafi a riƙa rubutawa saboda masu son karatu. Ka karɓi wayar ka yi 'yan danne-dannenka, ka miƙo mini ka ce, "Inna, kin zama gidan rediyo."

Da wasa ka faɗa, ni kuwa maganar ta shige mini kai. Na ce tunda rediyo ce, sai in yi magana irin ta rediyo. Na murɗe harshena, na zubar da "munka" da "sunka" da "wanga", na ɗauko Hausar masu karanta labarai. Har tsayawa nake in sake ɗauka in wata kalma tamu ta kuɓuce mini. Da na je Fakku gaida kakarka Iya, na kunna mata ɗaya cikin alfahari. Tana ɓarar gyaɗa a faifai, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wagga Bakanuwa ta san kiwo. Ɗiyar wa ta?"

Na ce, "Iya, ai ni ce."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke? To mi yas sami bakinki?"

Matan gidan suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma a mota ina dawowa maganar ta yi ta cina. Uwata ba ta gane ni ba. Tun daga ranar na koma magana yadda nake yi a tsakar gida, kuma a lokacin ne mata suka fara tura wa junansu shirin. Hannuna ne kawai ya saba da Hausar makaranta, shi ya sa ka ga takardar nan haka. To kai ma za ka je inda za a yi wa harshenka dariya, za ka kuma ji masu shiri da suka fi ka santsin baki. Ka koyi abin koyo a wurinsu, amma kada ka ari bakin kowa. Mai sauraro yana yafe in-ina, yana yafe kukan akuya a bayan murya. Abin da ba ya jurewa shi ne ya ji mutum yana kwaikwayon wani.

Abin da ba wanda ya gaya mini da farko shi ne, magana ce ƙaramin aikin. Babban aikin yana wurin kula da kayan. Na ɗauka waya kamar taɓarya ce, ka yi daka ka jingine ta. Caja ta lalace, na sayi ta araha a bakin tasha, wadda take zafi kamar an ciro ta daga murhu. In an kawo wuta in jona wayar in manta da ita. In babu wuta in aika da ita shagon caji, ta wuni cikin wayoyin jama'a. Wata rana na ga bayanta ya ɗago kamar burodi. Na kai wa mai gyara, ya buɗe ya ciro batirin da ya kumbura, ya ajiye shi can nesa da shi, ya ce, "Malama, da wannan kike kwana a gefen filo?" Na ce da shi. Ya girgiza kai kawai. Allah ne Ya tsare, ba wayona ba.

Bayan nan ne mahaifinka ya sa mana 'yar sola a kan rufi. Ita ma na ɗauka an gama ke nan, sai da ta fara kasa cika ko fitila na gane tattabarun maƙwabta sun mayar da ita wurin hutawarsu. Kai kake hawa ka goge. A hankali na mayar da safiyar Asabar ta kayan aiki: a goge sola, a share ƙurar bakin caja, a zubar da hotuna da bidiyoyin da mutane suke turowa ba gaira ba dalili, in waya ta ce tana son sabuntawa a bar ta ta yi. Ba aikin da za a yabe ka a kansa ba ne, ba wanda zai ce sannu. Amma ranar da ka bar shi, ranar da ka fi bukatar kayan za su ba ka kunya. Ka zaɓi taka ranar a can ka riƙe ta. Na sa maka caja mai kyau a aljihun jaka na gefe, kada ka ba da aronta ga wanda ba ka san ɗakinsa ba.

Yanzu zan zo kan wanda har gobe in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

A daminar da Iya ta fara rashin lafiya na riƙa zuwa Fakku duk ƙarshen mako. In ta ji sauƙi sai mu zauna bakin rumbu in ajiye waya a kan tabarma, ita kuma ta yi ta ba da labari. Ta faɗi yadda kakanninmu suka zauna a wurin da shanunsu har suka kama noma. Ta faɗi yadda ake gane akuyar da za ta yi tagwaye, da ganyen da ake ba wadda ta haihu, da shekarar da fari ya sa suka ci abin da ba a ci. Ta faɗi yadda aka kawo ta gidan mahaifina, abin da ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba. Wani lokaci ta manta da wayar ta yi waƙar daka da muryarta da ta tsufa. Niyyata in ta warke in tsara su in riƙa sakewa ɗaya bayan ɗaya, da izininta.

Duka a memori ɗaya suke, ɗan ƙaramin abin nan da bai kai farce ba. Ka ce mini, ba sau ɗaya ba, "Inna, kawo in kwafe su a kwamfuta." Ni kuma kullum ina da abin yi. In ce bari in dawo daga makaranta, in ce bari in sauke tukunya, in ce gobe. Wayar ma ta yi ta nuna mini wani rubutu cewa memorin yana da matsala, ina share shi da yatsa kamar ƙuda.

Iya ta rasu bayan an yi girbi. Da aka share makoki, na zauna ni kaɗai da hantsi na ce bari in ji muryarta. Na buɗe, ba komai. Na kashe wayar na kunna, ba komai. Ka ɗauki memorin ka kai wa mai gyara, da ya kasa ka shiga mota ka kai shi har Sakkwato. Da ka dawo ban tambaye ka ba, yadda ka jingine a bakin ƙofa ya ishe ni amsa. Ba ka ce "ai na gaya miki" ba. Kana da ikon faɗa, ba ka faɗa ba. Na lura, kuma ban manta ba.

Sai da aka kwana biyu ka zo ka ajiye wayarka kusa da ni ka fita. Ashe akwai guntu ɗaya da ka taɓa tura wa kanka don ka gwada rage ƙarar iska. Ba tarihi a cikinsa, ba maganin akuya. Iya ce tana korar ɗan akuya daga faifanta, sannan ta ce, "Ina mijin nawa? Shi bai zo ba? Ku ce mai in bai kawo goro ba na sake shi." Sai dariyarta. Da kai take, kamar yadda ta saba tsokanarka. Wannan guntun shi ne duk abin da ya rage mana na muryarta, kuma ta hannunka Allah Ya bar mana shi. Na gode. Ban faɗa ba a lokacin.

Don haka duk abin da ka ɗauka, ko murya ko hoto ko rubutu, kada rana ta faɗi yana wuri ɗaya. Ka sa a waya, ka sa a kwamfuta, ka kuma tura can inda kuke ajiya a intanet. Manomin kirki ba ya zuba irinsa duka a rumbu guda. Kuma in ka sami tsoho yana son magana, ka zauna ka ji a ranar. Kada ka ce sai ka sami abin ɗaukar murya mai kyau.

Na ɓarawon shafi kuwa, kai ka fi ni sanin yadda aka ƙare, amma ba ka san yadda aka fara ba, don kunya ta hana ni faɗa maka duka. Saƙo aka turo mini cewa an zaɓi shirina cikin shirye-shiryen mata da za a karrama. An rubuta sunana daidai, an yabe ni yabon da ban taɓa ji ba. Aka ce za a turo wasu lambobi in karanta musu don a tabbatar ni ce. Wani mai ladabi ya kira, yana ta "ranki ya daɗe". Na karanta masa. Kafin la'asar na kasa shiga shafina, kafin magariba mata sun fara kira suna tambaya wane asibiti aka kwantar da ni, don an rubuta da sunana cewa ina neman taimako.

Na ce maka kuskuren dannawa na yi. Ba kuskuren yatsa ba ne, yabo ne ya rufe mini ido. Mahaifinka ya hau babur ya bi gidajen da muka sani yana cewa lafiyata ƙalau, kada kowa ya tura komai. Kai kuma ka yi ta fama har shafin ya dawo hannunmu. Allah Ya sa ba wadda aka cuta. To ka riƙe wannan: lambar da aka turo wa wayarka taka ce kai kaɗai, ko ni na kira na ce ka karanto, ka ajiye ka sake kirana ka ji ko ni ce. Kalmar sirrinka kada ta zama sunan garinku ko shekarar haihuwarka. Kuma duk wanda ya fara da zuba maka yabo kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ka dubi hannunsa.

Duk waɗannan ni suka taɓa, ko gidanmu. Akwai wanda ya taɓa wata, kuma shi ne dalilin da ya fi sa ni rubuta maka takardar nan. Kana makaranta lokacin, labari kawai ka ji.

Mata sun dame ni da tambaya a kan ƙumar kaji. Mako ya zagayo ban shirya komai ba, kuma ba na son a ce Malama ba ta sani ba. Na shiga intanet na ga wani ya rubuta cewa a tsarma wani maganin feshin gona da ruwa a yi wa kaji wanka. Ya rubuta da ƙarfin hali, har da hoto. Ban gwada ba, ban tambayi malamin dabbobi ba, alhali ofishinsu yana kan hanyata ta makaranta. Na zauna na faɗa da muryata kamar abin da na gada, na kuma rubuta a shafi.

Ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce doguwa, ta girme ni kaɗan, ƙafafunta duk ƙura. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. Ta sha, muka gaisa, ta ce sunanta Hajo, daga Dogon Daji take, mijinta ya rasu, da kaji take riƙe da marayunta.

Ta ce, "Ke ce Malama mai magana cikin waya?"

Na ce ni ce, ina murmushi, don na ɗauka godiya ta kawo.

Ta ce, "Na yi abin da kinka ce. Na yi musu wankan."

Ta ture kwanon ruwan gefe ta ci gaba.

"Kafin azahar sun kwanta. Zakara guda yat tsira, shi ma don ya haye katanga na kasa kama shi."

Na rasa inda zan sa idona. Kajina suna ta kai-kawo a tsakar gida, har wata ta zo tana tsattsagar gefen tabarmar da take zaune. Hajo ta bi ta da kallo, sannan ta ce, "Ba rigima nika nema ba. Na zo in gani ne ko naki sun rayu. Ke kin yi ma naki?"

Na ce, "Ban yi ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tashi na ce ta zaɓi waɗanda take so cikin nawa, ko ta kwashe duka. Ta ce, "Zauna, Malama. Ba kaji nika so ba yanzu. Ba ni kaɗai ka saurarenki ba. Inda kinka faɗi waccan, ki koma ki faɗi wagga, tun wata ba ta yi ba."

A ranar, kafin ta kai tasha, na cire shirin na goge rubutun. Na tafi wurin malamin dabbobi na faɗa masa abin da na yi. Bai ɓoye ɓacin ransa ba, amma ya biyo ni gida ya zauna gaban waya ya yi bayanin abin da ya kamata a yi da wanda ba a yi. Ni na fara magana kafin shi. Na ce ni Malama na faɗi abin da ban gwada ba, na jawo wa wata baiwar Allah asara, duk wadda ta ji wancan ta bar shi, ta kuma gaya wa maƙwabciyarta. Da muka gama na so in sake ɗauka, mahaifinka da yake tsaye bakin ƙofa ya ce, "Bar shi haka."

Na so in ambaci sunanta don mutane su san gaskiya ce. Sai na tuna ban tambaye ta ba, na kira lambar da ta bar mini. Ta ce kada in faɗa, ba ta son garinsu su riƙa nuna ta. Ban faɗa ba. A nan ma kai kaɗai na gaya wa, ka bar shi a cikinka. Daga baya wata daga Kebbe ta kira ta ce ta riga ta tsarma maganin, tana jiran rana ta yi zafi, sai ƙanwarta ta turo mata gyaran. Na yi sujada a inda nake.

Sai da mahaifinka ya je Dogon Daji da kansa, da kwando a bayan babur, ya haɗa ta da Allah, sannan Hajo ta karɓi 'yan kaji. Yau in ka ji na ce "wata ƙawata mai kiwo ta ce", ita ce. Ba na sakin magana a kan kaji sai na kira ta na kira malamin dabbobi. Da ƙaramar salla ta aiko mini da ƙwai cikin ƙwarya. Matar da ta yi asara ta dalilina ita ce ta tsare mini mutuncina, don da ta yi shiru ta zauna a gida da ban san iyakar ɓarnar da zan yi ba. Ina sa ta a addu'a tare da iyayena.

Babana, magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, don tana isa inda ƙafarka ba za ta taɓa zuwa ba, wurin mutanen da suka yarda da kai ba su taɓa ganinka ba. Za ka je ƙasar da ba ka san al'adarta ba. Za ka ga abin da zai ba ka mamaki, hannunka zai yi ƙaiƙayin rubutawa. Ka tambayi masu wurin tukuna. Abin da ka gani da idonka ka ce ka gani, abin da aka gaya maka ka ce an gaya maka, wanda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba a mutuwa don an faɗi haka. Kada ka ɗauki muryar mutum ko hotonsa sai ya yarda, kuma ya san inda za ka kai. In ka yi kuskure, ka gyara a wurin da ka yi shi, da murya daidai da wadda ka yi shi da ita. Mako kuma in ya zo ba ka da abin faɗa, ka yi shiru. Ba wanda ya taɓa yin asara don mai shiri ya huta.

Wannan na ƙarshen ma da wuya na koye shi. Akwai lokacin da abin ya hau kaina, kullum ina rubutu, kullum ina duba mutum nawa suka ji, wa ya ce me. In wani ya yi baƙar magana a ƙasan rubutuna in wuni ina tsara amsa a zuci, miya tana ƙonewa. A cikin wannan halin ne ka shigo ɗaki da gudu ranar da sunanka ya fito a jami'a. Ina tsakiyar ɗauka. Na ɗaga maka hannu ban ko juyo ba, ka ja da baya ka fita. Sai da na zo gyaran muryar na ji ka a ciki, ƙasa-ƙasa, kana cewa, "Inna, na samu." Daga nan sai ƙarar labule. Na mayar na sake ji, na sake ji. Da na fito ka riga ka tafi gaya wa abokanka, murnar farko ta wuce ni.

Tun daga nan na mayar da shirin sau ɗaya a mako, rubutu ma haka, kuma in mutum ya shigo ina ɗauka, wayar nake tsayarwa. Ba a rasa masu sauraro ba, ƙaruwa ma suka yi. Kai ma in kana ɗauka aka kira salla, ko abokin zamanka ya shigo da damuwa a fuskarsa, ka danna ka tsayar. Muryarka tana nan, za ka dawo ka same ta.

Na san abin da yake damunka game da tafiyar nan, don na ji kana gaya wa mahaifinka a zaure. Kana tunanin wa zai riƙa ɗora mini shirin, wa zai gyara in shafi ya ƙi buɗewa. Har ka ce za ka riƙa yi daga can in akwai sabis. To ka ji. Shirin wannan makon da ka ga ya hau, ba kai ka ɗora ba, kuma ba wanda na kira. Ranar da ka tafi sallama da kawunnanka na zauna bayan la'asar na bi abin da na daɗe ina kallon yatsunka suna yi. Na yanke farkon da na yi tari, na sa sunan shirin, na ɗora. Sau biyu yana tsayawa a hanya, na fita bakin rijiya inda sabis ya fi ƙarfi na tsaya da wayar a sama kamar mai kiran tsuntsu, har ya wuce. Akwai carar zakara a tsakiya da ban san yadda ake cire ta ba. Kada ka taɓa ta. Na kuma kwafe shi a kwamfuta kafin in tashi. Solar kuwa mahaifinka ya ce shi zai riƙa hawa, na ce sai dai in riƙe masa tsani.

Saboda haka ka tafi da zuciya ɗaya. Shekaru kana ɗauke da kayana a kanka ba ka taɓa yin tsaki ba, tun kana yaro kana koya wa babba, kana haƙuri da tambaya ɗaya sau goma. Abin da na zama a wurin matan nan, bayan Allah, da hannunka a ciki. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe mini. Yanzu lokacin naka ne. Ka je ka ga duniya, ka rubuta ta da gaskiya.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka ci abinci kafin ka sayi data. Ka gaida na gaba da kai ko ba addininku ɗaya ba, ka zauna lafiya da masu masaukinka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama lafiya, Ya tsare harshenka da alƙalaminka daga cutar da kowa, Ya sa abin da za ka faɗa ya amfani wanda ya ji. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

In mota ta tsaya a hanya ka kira, in ka isa ma ka kira, ko da tsakar rana ce ina cikin aji. Zan fita in ɗauka.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.